1/350 ko 1/700: Wane Ma'auni Ya Dace da Mai Harhaɗa Samfurin Jirgin Ruwan Yaƙi?

Duk wanda ya yi niyyar harhaɗa samfurin jirgin ruwan yaƙi na roba, tun kafin ya tsayar da jirgin da yake so ko kamfanin da ya ƙera shi, akwai shawarar da take jiransa, wato ma'aunin da zai yi aiki da shi. Ma'auni biyu ne suka mamaye wannan fage a yau, 1/350 da 1/700, kuma lambar tana nuna sau nawa aka rage girman jirgin gaskiya kafin a zuba shi a roba. Akwai waɗansu ma'aunan da suka yi zamani, kamar 1/600 na kamfanin Airfix na Birtaniya da 1/400 na Heller na Faransa, amma sababbin samfura da kayan ƙawata su sun fi yawa nesa ba kusa ba a waɗannan biyun, saboda haka a kansu za a tsaya.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne ratar da ke tsakaninsu ta wuce abin da lambobin suke nunawa. Jirgin Yamato na Japan, wanda aka nutsar ranar 7 ga Afrilu 1945, tsawonsa mita 263 ne, don haka a 1/350 yana kai santimita 75, a 1/700 kuma bai cika 38 ba. Bismarck na Jamus mai mita 251 yana fitowa santimita 72 ko 36, Missouri na Amurka, wanda a kansa Japan ta sa hannu kan miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, yana fitowa 77 ko 39. Tsawo ne kawai ya ninka biyu. Filin da za a goge, a shafa wa fenti, a liƙa wa ƙananan sassa ya ninka huɗu, wurin da samfurin zai ci a cikin akwatin ajiya kuwa ya ninka takwas. Mutane da yawa suna duban hoton da ke jikin kwali su ɗauka cewa babban samfuri aikin ƙarami ne sau biyu, sai sun buɗe sun ga yawan sassan da ke jere sannan lissafin ya sauya.

Kowane ɗaya daga cikin ma'aunan yana da dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi, kuma dalilin yana nan a jikin samfuran har yanzu. A shekarar 1971 ne kamfanoni huɗu na yankin Shizuoka a Japan, wato Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai suka raba jiragen rundunar ruwan Japan ta Yaƙin Duniya na Biyu a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nasa kason ya ƙera a 1/700 ƙarƙashin suna ɗaya, Water Line Series. Manufarsu ita ce mutum ya iya tara runduna guda a kan tebur ɗaya, shi ya sa aka yanke samfuran daidai inda ruwa yake kaiwa a jikin jirgi, ƙasansu ya zama shimfiɗaɗɗe, da an ajiye su sai ka ce a kan teku suke. Fujimi ya fita daga haɗakar a 1992 ya ci gaba da nasa jerin. Shi kuwa 1/350 ya samu gindin zama ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Tamiya ya fitar da Bismarck da Yamato da cikakken gangar jiki, har da farfela da abin juya jirgi da jan fentin da ke ƙarƙashin ruwa, domin a ɗora jirgi guda a kan mazauni a kalle shi shi kaɗai. Wannan rabo ya ɗan sassauta daga baya, domin Trumpeter da Flyhawk na ƙasar Sin suna sa ƙasan jirgi a cikin kwalayen 1/700 da dama, mai harhaɗawa ya zaɓi wanda yake so, amma asalin bambancin bai gushe ba: ɗaya na mai son jirage da yawa ne, ɗayan na mai son ya zauna a kan jirgi ɗaya ya ƙare masa aiki.

A nan ne ya kamata a gyara wata fahimta da ke yawan jefa sababbin shiga cikin wahala, wato zaton cewa ƙaramin samfuri ya fi sauƙi. Idan za a haɗa abin da ke cikin kwali ne kawai, ba tare da ƙari ba, to maganar gaskiya ce, musamman a tsofaffin samfuran 1/700 masu ƙarancin sassa, waɗanda ake iya kammalawa cikin 'yan kwanaki. Amma da zarar an shiga batun ƙawata samfuri da ƙananan bayanai, sai lamarin ya juye. Mutum mai tsawon mita 1.75 yana zama milimita 5 a 1/350, a 1/700 kuma milimita 2.5. Shingen kariyar da ke zagaye gefen jirgi, wanda tsayinsa a gaske kimanin mita ɗaya ne, yana zama kusan milimita 3 a babban ma'auni, milimita ɗaya da rabi a ƙarami. Wannan shinge ba a iya zuba shi a roba, ana yin sa ne da siririn farantin tagulla da aka zana wa siffa aka cinye sauran da sinadari, kuma dole a yanke shi daga faranti da kaifin wuƙa, a lanƙwasa shi ya bi kusurwoyin jirgi, a ɗauke shi da hantsaki, a liƙa shi da ɗigon gam da ake ɗebowa da bakin allura. Gam ɗin roba na yau da kullum, wanda aikinsa narkar da fuskar robar ne har ɓangarori biyu su haɗe, ba ya kama tagulla ko kaɗan, sai gam mai saurin kamawa ko farin gam na katako, kuma kowanne da nasa hali: na farko ba ya ba da damar gyara idan an ɗora a karkace, na biyu yana ba da lokaci amma riƙonsa ba shi da ƙarfi. Duk wannan aikin iri ɗaya ne a ma'aunan biyu, illa dai a 1/700 kowane kuskure yana ninka girmansa idan aka auna shi da jikin jirgin. Ɗigon gam da zai ɓace a gindin shingen 1/350 yana iya toshe tsakanin sandunan na 1/700 gaba ɗaya. Saboda haka wanda idonsa ya fara rauni ko hannunsa yake ɗan rawa, kuma yana son ya sa shinge da tsani da ragar na'urar rada, babban ma'auni ne zai fi yi masa sassauci, ko da yake a kowanne gilashin ƙara girma da fitila mai haske sosai ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma iyakar da ita kanta robar take da ita. Ba a iya zuba narkakkiyar roba ta yi siriri fiye da wani ƙima ba tare da ta kasa cika mazubinta ko ta karye wajen cirewa ba. A ɗauka garkuwar da ke kewaye da bindiga an zuba ta da kaurin rabin milimita. A 1/350 wannan yana daidai da ƙarfe mai kaurin santimita 17.5, a 1/700 kuwa santimita 35, alhali garkuwar gaskiya a irin wannan wuri ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Haka bindigogin kakkaɓo jiragen sama, irin masu bakin milimita 25 na Japan ko masu milimita 20 na Oerlikon da Amurka da Birtaniya suka yi amfani da su, dole su fito da kauri fiye da ƙima a duka ma'aunan, amma a 1/700 ƙarin yana kai matsayin da ido yake tsinkayarsa nan take, musamman a tsofaffin samfura. Wannan ya fi damun jiragen ƙarshen yaƙi, domin Yamato a 1945 yana ɗauke da irin waɗannan ƙananan bindigogi fiye da ɗari, bayan an cire biyu daga cikin hasumiyoyin igwarsa masu santimita 15.5 a 1944 don a sama wa ƙarin bindigogin kakkaɓo jiragen sama wuri. Masu son gyara wannan suna sayen bindigogin da aka buga da na'urar 3D, da bututun igwa na tagulla da aka gurza a inji irin na kamfanin Master na Polan, da farantan Eduard na Jamhuriyar Cek ko Pontos na Koriya ta Kudu. Abin lura shi ne a babban jirgi na 1/350 kuɗin waɗannan kayan ƙari yakan kai ko ya zarce kuɗin samfurin kansa, kuma ba kuɗin ne kaɗai abin dubawa ba, domin kowace bindiga mai baki uku tana iya zama sassa da dama da za a lanƙwasa a haɗa, a maimaita sau goma sha wani abu, kuma a irin wannan maimaici ne ayyuka da yawa suke tsayawa a koma da su cikin kwali.

Sai dai ƙaramin ma'auni yana da wata kariya da ba a cika ambata ba, wato nisan kallo. Mai duban samfurin 1/700 daga nisan santimita 30, daidai yake da mai hangen jirgin gaskiya daga mita 210, mai duban na 1/350 daga wannan nisan kuma kamar yana mita 105 ne. Daga mita 210 ido ba ya ganin kan ƙusa ko layin walda ko marfin ƙaramar taga, siffar jirgin yake gani da launinsa da inuwarsa. Ke nan mai aikin 1/700 yana da hujjar barin abubuwa da yawa, kuma samfurin da aka yi wa shinge mai tsabta da siraran sanduna da fenti mai kyau yana iya gamsar da ido ba tare da an cusa masa komai da komai ba. A 1/350 babu wannan uzuri, domin fili yana da yawa, kuma bangon da aka bari fayau babu ƙofa babu tsani babu bututu yana bayyana a fili cewa roba ce. A ganina wannan shi ne ainihin cinikin da ke tsakanin ma'aunan biyu: babba yana sauƙaƙa wa hannu amma yana neman a cika shi, ƙarami yana wahalar da hannu amma yana yafe abin da aka bari.

Wayoyin da ke ɗaure tsakanin sandunan jirgi da bututun hayaƙinsa suna bin wannan ƙa'idar. Zaren da kaurinsa milimita 0.1 ne, wato kusan kaurin silin gashi, yana wakiltar igiya mai santimita 3.5 a 1/350, abin da bai yi nisa da gaskiya ba, amma a 1/700 ya zama santimita 7, wanda ya yi wa wayar rediyo kauri. Shi ya sa gwanayen ƙaramin ma'auni suke neman zare mai talewa mafi siriri, ko su ɗumama guntun sandar robar da sassa suke maƙale a jiki a kan wuta su ja ta har ta zama zare, sannan su rage yawan wayoyin, su sa manya su bar ƙanana. Sandunan roba na cikin kwali ma sukan lanƙwashe idan aka ja musu zare, a 1/700 musamman, don haka ake sake yin su da waya ta tagulla.

Ta fuskar fenti bambancin bai kai haka ba, amma akwai wurare biyu da ya kamata a duba. Na farko shi ne daɓen katako na manyan jirage. Ana sayar da siririn katako na gaske da aka yanka daidai siffar daɓen, mai gam a bayansa, kuma a 1/350 yana zama da kyau idan an liƙa shi a tsanake. A 1/700 kuwa ko da kaurinsa milimita 0.2 ne, ya zama tudun santimita 14 da ke haɗiye gindin duk abin da ke kan daɓen, ga kuma zanen katakon da yake fitowa da girma fiye da ƙima, saboda haka fenti ya fi dacewa a nan. Na biyu shi ne fentin ɓad da kama. Ratsin baƙi da fari da aka yi wa Bismarck lokacin da yake atisaye a tekun Baltik, wanda aka shafe a Nowe a watan Mayu 1941 kafin ya fita Atlantika, ko zanen launuka masu karo da juna na rundunar Amurka a 1944, yana bukatar a rufe wani sashe da tef a fesa wani, kuma layin dole ya haye gine-ginen saman jirgi ba tare da ya karkace ba. Wannan ya fi sauƙi a babban ma'auni. Jiragen Japan masu launin toka ɗaya ba su da wannan matsala, ko da yake tokar ma ta bambanta daga ma'aikatar ƙera jirage ta Kure zuwa ta Sasebo, har Tamiya ya ware wa kowace kwalbarta, XF-75 da XF-77. Da yawa suna ƙara ɗan fari a fentin 1/700 saboda launi yana dusashewa da nisa, kuma tsatsa da dattin teku ana sa su kaɗan ne a can, domin ɗan layin tsatsa da burushi ya ja yana iya zama tabo mai faɗin mita a jikin jirgin.

Wajen yawan jiragen da za a samu, 1/700 ne a gaba, kuma ratar tana da faɗi. Fiye da shekara 50 ana ƙara masa samfura, har ya kai ga jiragen dakon mai da na gyara da na share nakiyoyi da sauran waɗanda ba a jin sunansu, kuma kamfanin Pit-Road na Japan ya daɗe yana fitar da ƙananan jirage da kayan yaƙinsu daban. A 1/350 shahararrun jirage ne suka fi samuwa, ko da yake Trumpeter da Dragon da Academy da Hasegawa da Revell sun faɗaɗa jerin ƙwarai daga farkon shekarun 2000. Wanda yake son ya jera jiragen da suka gwabza a mashigin Denmak ranar 24 ga Mayu 1941, wato Hood da Prince of Wales na Birtaniya a gefe ɗaya, Bismarck da Prinz Eugen na Jamus a ɗaya gefen, zai iya samun duka huɗun a kowane ma'auni, amma a 1/700 za su zauna a kan kanta ɗaya, a 1/350 kuwa idan aka jera su baki da wutsiya sun haura mita biyu da rabi. Gargaɗi ɗaya ya shafi ma'aunan biyu: sabon kwali ba ya nufin sabon samfuri. Kamfanoni suna sake fitar da abin da aka zuba a mazubin shekarun 1970 cikin sabon zane, kuma tsohon Yamato na Tamiya da wanda ya sake ƙerawa a 2011 duk 1/350 ne, amma yawan sassansu da ingancinsu ba ɗaya ba ne, don haka ya kamata a binciki shekarar da aka fara zuba samfuri kafin a saya.

Shawarar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce kada a zaɓi ma'auni a raba shi da girman jirgin da ake nufi, domin su biyun tare suke yanke yawan aikin. Jirgin rakiya mai gudu, wanda ake kira distiroya, na ajin Fletcher, wato jerin jirage masu ƙira iri ɗaya, wanda Amurka ta ƙera guda 175, tsawonsa bai cika mita 115 ba. A 1/350 yana fitowa santimita 33, wato bai ma kai tsawon Bismarck na 1/700 ba, amma sassansa suna da girman da hannu zai iya riƙewa, igwoginsa biyar ne, shingensa ba shi da tsawon da zai gajiyar da mutum, kuma a jikinsa za a koyi duk abin da babban jirgi zai buƙata daga baya: haɗa gangar jiki da cike tsaga, jan layin ruwa, lanƙwasa tagulla, ɗaura waya. Tamiya yana da Fletcher a wannan ma'auni, shi da Hasegawa kuma kowanne yana da Yukikaze na Japan, wanda girmansa kusan ɗaya ne da wancan. Ga sabon shiga mai sha'awar ƙawata samfuri, nan ne wurin farawa, ba a kan Yamato ko Missouri na 1/350 ba, waɗanda aikinsu da cikakkun kayan ƙari yake ɗaukar watanni, ba kuma a kan distiroya na 1/700 mai santimita 16 ba, wanda tagullarsa take buƙatar hannun da ya riga ya saba.

Wanda kuwa hankalinsa yake kan manyan jirage, kuma ya san ba zai tsaya a guda ɗaya ba, 1/700 ne ya dace da shi ko da yana da wurin ajiya, domin a nan ne zai iya kwatanta aji da aji, ya ga yadda ƙirar jirage ta sauya daga Yaƙin Duniya na Farko zuwa na Biyu, ya kuma gina musu teku idan yana so, tunda ƙasansu a shimfiɗe yake. Wannan ya fi tabbata ga jiragen dakon jiragen sama na zamani. Nimitz na Amurka mai mita 333 yana kai santimita 95 a 1/350, kuma bayan jirgin kansa akwai jiragen sama da dama da kowanne yake buƙatar fentinsa da tambarinsa, ga kuma akwatin gilashi mai tsawon fiye da mita da dole a tanada, domin samfurin da aka yi wa shinge da waya ba ya gogewa, ƙurar da ta sauka masa kuma cire ta yakan tafi da wani sashe. Babban jirgi a 1/350 ya dace da wanda akwai jirgi guda da ya daɗe yana karanta tarihinsa, ya san shekarar da yake son ya nuna shi a cikinta, ya riga ya kammala ƙanana biyu ko uku, kuma ya auna wurin da zai ajiye shi kafin ya buɗe kwalin.

Akwai jiragen da duka ma'aunan biyu suka yi musu kaɗan. Jirgin ƙarƙashin teku na Jamus nau'in VII mai mita 67 yana fitowa santimita 19 a 1/350, bai kai 10 ba a 1/700, haka ma jirgin rakiya na ajin Flower na Birtaniya mai mita 62 da rabi. Ana iya yin su a 1/350 idan ana son su tsaya kusa da manyan jirage don a ga bambancin girma, amma wanda su ne ainihin abin sha'awarsa gara ya duba 1/144, inda suke kai santimita 43 zuwa 47, ko 1/72 na Revell, inda jirgin ƙarƙashin tekun yake kai santimita 93 kuma kowane matuƙi yake da fuskar da za a iya yi wa fenti.